Karen Kawu da Ƙwayar Nasaru

Maganin dabbobi nake sayarwa. Da tire na fara, ina ɗauke da shi a ka ina bin kasuwannin ƙauye da maganin tsutsa da hodar kaska, har Allah Ya nufa na kama butik, wato shago, a Magarya kusa da tasha, daga baya na sayi tsohuwar mota. Har yau ban daina bin kasuwa ba. Dungas da Mallawa da Waca duk ina da wurin shimfiɗa kaya. Abokan cinikina masu shanu ne da masu tumaki, da masu amalanken jaki, da matan da ke kiwon kaji a bayan ɗaki. Kare da kyanwa ba sa cikin lissafin kowa a nan. Kyanwa ta kama ɓeranta, kare ya lashe ƙanzon tukunya, in tsufa ya zo musu su nemi gindin danga su kwanta. Ban taɓa ganin wanda ya tako butik saboda su ba.

Don haka sai na faɗi yadda aka yi maganin gaɓoɓin tsofaffin karnuka ya shigo hannuna. Wani dillali a Damagaram ne ya haɗa ni da wasu nasaru da ke aiki a can, masu tsofaffin karnuka da kyanwowi a cikin gidajensu. Suna neman wata ƙwaya da ake kira gilukozamin, ba su samu a gari ba. Na ga ciniki ne mai tsabta, na sa aka nemo mini katan guda ta hannun wani mai shigo da kaya a Kano. Kafin katan ɗin ya tsallako iyaka, nasarun sun tattara sun bar ƙasar, da su da dabbobin nasu. Aka bar ni da kaya.

Fararen robobi ne masu murfi, da hoton kare da kyanwa a jiki suna kwance a kan ɗanyar ciyawa. Ƙwayoyin manya ne, ruwan ƙasa, suna warin busasshen kifi. Ba na sayar da abin da ban sani ba, don haka na ɗauki roba ɗaya na kai wa likitan dabbobi na gwamnati a nan Magarya. Ya karanta rubutun jikinta ya ce mini wannan ba maganin kashe ciwo ba ne. Kamar ƙarin abinci ne ga guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, wanda ke cinyewa in dabba ta tsufa. Ya ce a hankali yake aiki, wata da watanni, wata dabbar ta ji sauƙi, wata kuma ba za a ga komai ba, kuma su kansu masu binciken bakinsu bai zo ɗaya a kansa ba. Ya ƙara da cewa in ja kunnen duk wanda na sayar wa, kada ya haɗa wa kare ko kyanwa da ƙwayar ciwon jiki ta mutane, domin tana ƙone musu ciki, tana kashe su.

Maƙwabtana a layin tasha suka samu abin dariya. Mai sayar da tayoyi da ke jikin butik ɗina ya ce, "Alhaji, ɓare hoton nan ka kai ƙofar masallaci. Duk tsohon da ke salla a zaune zai saya."

Na ce masa ni ba waliyyi ba ne, amma da suna nake cin abinci. Ranar da aka ji na ba tsoho maganin kare, ko maganin kaska ba wanda zai ƙara saya a wurina. Na tura katan ɗin ƙarƙashin kanta na bar shi yana shan ƙura.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana zaune a wani ƙauye bayan Dungas. Manomi ne, kuma a ƙuruciyarsa maharbi ne mai karnuka, irin waɗanda in an buga gangar farauta ake jiran a ga fitowarsu. Duk ranar kasuwar Dungas nakan biya ta gidansa da ganyen shayi da sukari. Su biyu suka rage a gidan, shi da matarsa da muke kira Inna, domin ƴaƴansu mata duk suna ɗakunan mazajensu a nesa. Na ukunsu wani jan kare ne mai yagaggen kunne, shi ne na ƙarshe a irin karnukan da Kawu ya yi ta riƙewa tun kafin a haife ni. A bayan rumbu yake kwana. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta ko tabarmar salla, ya san iyakarsa fiye da wasu mutanen.

A sanyin shekarar nan na lura da yadda karen ke tashi. Sai ya kafa ƙafafun gaba, ya tsaya yana rawa, sannan ya jawo na bayan kamar ba nasa ba. In ya tashi kuma ba ya yarda ya kwanta da wuri, don ya san abin da ke jiransa. Kawu yana zaune a kan buzu yana kallonsa, shi ma gwiwoyinsa a naɗe da tsumma.

Ya ce, "Likitan jakai, duk kayan nan da ke motarka ba abin da zai yi wa wannan tsohon?"

Na ce, "Akwai, Kawu. Amma na nasaru ne, kuma ban yi maka alkawarin komai ba."

"Su nasarun har kare suke yi wa magani?"

"Har kyanwa."

Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "To kawo mu gani. In ya tashi da Faransanci a bakinsa, kai za ka riƙa yi mana tafinta."

Kasuwa ta gaba na kawo masa roba ɗaya. Na nuna masa yadda zai farfasa ƙwayar ya cusa a cikin lomar tuwo. Na ce kuma a daina barin karen a kan ƙasa mai sanyi, a shimfiɗa masa buhu, a rage masa bin awaki zuwa daji. Kawu ya bi maganata kaf. Da hannunsa yake murƙushe ƙwayar da gindin wuƙa a kan dutse, ya mulmula lomar, ya jefa masa.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, karen ya fara tashi ba tare da wannan rawar ba. Wata rana ma na tarar da shi ya raka Kawu har bakin rijiya. Ban san abin da ya tashe shi ba. Ko ƙwayar ce, ko buhun ne, ko hutun, ko kuwa zafin rana ne ya sake masa jiki kamar yadda yake sake wa kowane tsoho. Da ni maƙaryaci ne da na yi tallan kayana da shi a duk kasuwannin yankin. Na yi shiru, na ci gaba da kawo roba in waccan ta ƙare.

A daidai wannan lokacin ne ƙafafun Kawu suka fara kumbura. Da farko idon sawu, daga baya har ƙwauri. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Ya zama in ya taka daga zaure zuwa rumbu sai ya tsaya ya dafa bango yana neman numfashi.

Wata ranar kasuwa ina shirin shiga mota, Inna ta biyo ni waje da ƙwaryar gero a hannu, kamar za ta kai niƙa. Ta tsaya ta bayan motar inda Kawu ba zai hango mu ba.

Ta ce, "Alhaji, kada ka ƙara kawo ƙwayar nan."

Na ce, "Wani abu ta yi wa karen, Inna?"

"Ta tashe shi. Shi ne abin da ta yi."

A wajenmu in akwai marar lafiya a gida, sai akuya ko kaza ta faɗi ta mutu ba dalili, akan ce ta fanshe shi, wato ta ɗauke masa abin da ya taho dominsa. Yawancin mutane da baki kawai suke faɗa, don a rage wa mai dabba zafin asara. Inna kuwa har cikin ranta ta riƙe shi, kuma tana da hujjojinta. Ta tuna mini shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Kawu har aka fara aika wa dangi. Uwar wannan karen ta shiga ƙarƙashin rumbu ta mutu, washegari Kawu ya buɗe ido ya nemi fura. Ta ce ko bara, Kawu ya kai ba ya iya durƙusawa a salla, sai karen ya fara ɗingishi, shi kuma gwiwarsa ta yi sauƙi.

Ta ce, "Yana cikin ɗauke masa ne ka zo ka tare hanya. Ciwon ya rasa inda za shi, ya komo wa mai shi. Kai ba ka gani? Wancan yana tashi, wannan yana kwanciya."

Na ce, "Inna, rai da ciwo a hannun Allah suke. Ƙwayar nan kuwa, wallahi ko a kan karen ba zan iya rantsuwa tana aiki ba, balle a ce ta tura wa Kawu ciwo."

"To in ba ta aiki, me ya sa kake kawowa?"

"Don shi ya ce in kawo."

Ta gyara riƙon ƙwaryar. Ta ce, "Kana da maganin ɓera a motar nan?"

Na gane inda ta nufa. Na ce ina da shi, kuma ba zan ba ta ba. Na ce kumburin ƙafa da yankewar numfashi aikin gidan likita ne, in ta yarda in ɗauki Kawu mu tafi Magarya a duba shi. Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da aka goya ya girma ya fara gyara wa mutane magana.

Ta ce, "Kai ɗan ƙanwarsa ne. In ya tafi, za ka yi kuka ka koma kasuwa. Ni fa?"

Na shiga mota na tafi.

Na yi tunanin in Kawu ya ji abin da ke ranta zai yi mata faɗa ya wuce, a huta. Kasuwa ta gaba na same shi a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida, karen na kwance nesa kaɗan, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Na kawo zancen a hankali, ina ɗan murmushi, kamar labarin tsofaffin mata. Kawu bai yi murmushi ba.

Ya ce, "Gaskiyarta ce."

Na ce, "Kawu, kai ma?"

"Ni na haƙa wa uwarsa rami. Na san abin da na ji a jikina a safiyar nan." Ya maida numfashi. "Na san lokacin da wannan ya fara karɓa mini, tun kafin ita ta lura. Ina kallonsa yana jan ƙafa, ni kuma ina miƙe tawa."

"To me ya sa ka nemi magani?"

Ya ce, "Don ya isa haka. Tun yana ɗan kwikwiyo yake shiga rami domina. Kunnen nan da ka gani, dila ne ya yaga shi a wurin da hannuna ya kamata ya shiga. Uwarsa ta biya, kakarsa ma a farauta ta mutu. Shi kuma yanzu a ce ya tsufa a ƙofata, sannan in zauna ina jira ya mutu don in ƙara kwana? Kayana ne, a bar mini in ɗauka."

Na ce masa ni ban yarda ciwo na tashi daga mutum ya koma kan kare ba, ko daga kare ya komo kan mutum. Ya ce bai nemi in yarda ba, roba ya nema. Na ce zan kawo, amma da sharaɗi, sai ya bi ni gidan likita. Muka yi ciniki kamar a kasuwar shanu, yana ja ina ja, har ya amince.

Da za mu tafi ya kira Inna ya nuna mata dutsen da yake farfasa ƙwayar a kai. Ya ce, "Kullum da safe, a cikin loma. Kin ji?"

Ta ce, "Na ji, Malam."

A Magarya likita ya saurari ƙirjinsa ya danna ƙafafun, ya ce zuciya ce ta gaji, ita ke tara masa ruwa a jiki. Ya ce ba ruwan wannan da ciwon gwiwa. Aka ba shi gado, aka ɗora shi a kan ƙwayoyin da ke sa fitsari, aka hana shi gishiri. Maiɗakina ce ta yi jinyarsa, Inna kuwa ta zauna a ƙauye saboda awaki. Ni na ci gaba da bin kasuwanni, ina leƙa shi safe da yamma in ina gari. Duk shigata tambayarsa ɗaya ce, ko na biya ta gida, ko tsohon yana cin abinci.

Ranar kasuwar Mallawa na shimfiɗa kayana kamar kullum. Akwai wasu mutane da ke zuwa daga can kudancin Najeriya suna bin ƙauyuka a kan babura suna sayen karnuka. Kowane babur da kejin ƙarfe a baya. A bayan kasuwar suke haɗuwa kafin su tsallaka, kuma kowa ya san inda karnukan ke ƙarewa, a tukunya. Sun san ni, don sukan sayi hodar ƙuma a wurina. Wajen azahar ɗayansu ya kira ni in duba masa wani kare da ke zubar da yawu, yana tsoron kada ya zama mahaukaci. Na je na duba, ƙishirwa ce kawai. Ina juyowa idona ya faɗa kan kejin da ke gefe.

An cusa karnuka a ciki har ba ka iya gane ƙafar wannan da wuyan wancan. A can ƙasa, ƙarƙashin wasu matasan karnuka, na ga jan kunne a yage, manne da ƙarfen keji.

Na tambayi mai babur ɗin inda ya samo shi. Ya faɗi ƙauyen Kawu da gurɓatacciyar Hausarsa. Ya ce wata tsohuwa ce ta tsayar da su a hanya ta kai su bayan rumbu. Ya miƙa mata kuɗi ta ƙi, ya ba ta sabulu ta ƙi. Ta ce ba sayarwa take ba, su dai tafi da shi nesa. Har igiyar da ta ɗaura masa ta bar musu.

Ya ce, "Ba nama a jikinsa ma. Ƙashi ne."

Na ce ya fito mini da shi. Ya ga idona, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Tun da na fara kasuwanci ban taɓa sayen abu ban taya ba sai ranar. Da zaren waya suka jawo shi ta wuya, haka suke fito da su. Da aka ajiye shi a ƙasa ya kafa ƙafafun gaba kamar yadda ya saba, ya yi ƙoƙarin jawo na bayan, ba su zo ba. Ya sake gwadawa. Sannan ya kwanta ya dube ni. Na ba shi ruwa a murfin bokiti, na naɗe shi a buhu na sa a bayan mota, na tattara kayana tun kasuwa ba ta watse ba.

A hanya na yi tunanin in wuce da shi Magarya in ajiye shi a bayan butik. Amma Kawu zai koma gida ya tarar da bayan rumbu ba kowa, kuma ni zai tambaya. Na karya kan mota zuwa ƙauyen.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida na shigo da buhun a hannu. Ta bi ni da ido har na sauke shi a wurin kwanansa. Ba ta tashi ba, ba ta kuma ajiye rariyar ba.

Ta ce, "Ka dawo mana da shi."

Na ce, "Na dawo da shi gidansu."

"Yaya jikin kawun naka?"

"Da sauƙi. Kumburin ya fara sauka."

"Tun yaushe?"

Na san abin da take auna wa. Na gaya mata gaskiya, tun kafin ta ba da karen ƙafafun suka fara saɓewa, tun da aka fara ba shi maganin likita. Ta kaɗa kai kawai ta ci gaba da tankaɗe. Na ga ba ta ji ni ba, ko kuma ta ji ta ajiye a gefe.

Da aka sallami Kawu na kawo shi gida da rana. Ban gaya masa komai a hanya ba. Bai shiga ɗaki ba, ya dafa kafaɗata muka zagaya bayan rumbu. Karen ya ji muryarsa ya buga jela a kan buhu, ya ɗaga kai, iyakar abin da ya iya ke nan. Kawu ya zauna a ƙasa da ƙyar. Ya dubi ƙafafun bayan, ya dubi wuyan inda waya ta cinye gashi ta bar zobe. Maharbi ne, ba ya bukatar a karanta masa.

Ya kira Inna. Ta zo ta tsaya daga nesa.

Ya ce, "Nawa suka ba ki?"

Ta ce, "Ko dala ban karɓa ba."

"Na sani. Da kin karɓa da ya fi mini sauƙi, sai in ce yunwa ce. Da sunana kika ba da shi."

Ta ce, "Da sunanka na ba da shi, Malam. Kuma in da za a sake, zan sake."

Ba wanda ya ɗaga murya. Ta koma madafa, shi kuma ya ce in miƙo masa robar. Ya farfasa ƙwaya a kan dutsen, ya nemi loma ya cusa, ya kai wa karen har baki. Karen ya sansana ya kau da kai. Kawu ya ce ko a ninka masa, biyu ko uku a tashi ɗaya. Na ce masa ko katan ɗin duka aka ba shi ba zai tashi ba. Ƙwayar ta guringuntsin da ya tsufa ce, wannan kuwa bayansa ne ya taɓu a cikin keji. Ya ce to in ba shi irin jar ƙwayar da ƴan amalanke ke sha in jikinsu na ciwo. Na ce wannan ita za ta ƙone masa hanji ya mutu yana aman jini. Washegari na karɓo allurar rage zafi a wurin likitan dabbobi na zo na yi masa da kaina. Ta sa ya daina nishi, ba ta yi fiye da haka ba.

Karen bai daɗe ba. Wata safiya da hantsi, Kawu na zaune kusa da shi yana korar masa ƙuda da reshen bedi, ya miƙe wuya ya tafi. A ƙauye mushen kare igiya ake ɗaura masa a ja shi bayan gari a bar wa angulaye. Kawu ya ce a'a. Ni na haƙa ramin a gefen gonarsa, inda ya nuna mini da sanda, kusa da inda ya ce uwar take. Masu wucewa da garma suna kallon Alhaji mai butik yana haƙa wa kare kabari. Wani ya yi wata magana, abokansa suka yi dariya. Ban ɗago ba.

Bayan haka Kawu ya samu sauƙi. Ƙafafun suka koma daidai, numfashin ya daidaita, har ya koma zuwa masallaci da sanda. Likita ya ce haka ake sa rai in an riƙe magani an bar gishiri, kuma zai iya daɗewa a haka. Matan ƙauyen kuwa suka riƙa shigowa yi wa Inna barka. Ina zaune a zaure wata rana na ji tana gaya musu a tsakar gida, muryarta a sake, cewa kare ya fanshe shi, Allah Ya sa a gida ya mutu. Kawu na gefena, shi ma ya ji. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Har yanzu yana nan da ransa. Duk ranar kasuwar Dungas ina kai masa ƙwayoyin zuciyarsa daga farmasi, yana sha ba gardama. Bai saki Inna ba, bai zage ta ba, yana cin tuwonta. Amma hirar da nakan tarar suna yi da, yana tsokanarta da tsohuwa tana ce masa ya je ya nemo yarinya in ya isa, wannan ta ƙare. In yana son ruwa sai ya miƙa hannu wajen randa. Na taɓa yi mata maganar, ta ce, "Gara ya yi fushi da ni yana raye." Ban ga alamar nadama a fuskarta ba, kuma ba zan ce ban fahimce ta ba.

Na sha gaya wa Kawu cewa maganin likita ne ya tashe shi. Na gaya masa ranar da kumburin ya fara sauka, karen na nan lafiya a bayan rumbu. Yakan saurare ni har in gama, don yana da kunyar baƙo ko da ɗan ƙanwarsa ne. Sau ɗaya kawai ya ba ni amsa.

Ya ce, "Kai ka san kayan kasuwarka. Ni kuwa kullum na buɗe ido da safe, na san da ran wa na tashi. Na ce a bar mini kayana, ba a bar mini ba."

Wani maharbi a ƙauyen ya kawo masa ɗan kwikwiyo ja, Kawu ya ce a mayar.

Sauran katan ɗin ya zauna a ƙarƙashin kanta har kwanan da aka rubuta a jikinsa ya wuce. Na kai shi bayan gari na zuba masa kananzir na ƙone. Roba ɗaya ce ta tsira, wadda ke gidan Kawu. Inna ta wanke ta tana zuba kanwa a ciki. Tana nan a kan katangar madafa, an juya hoton yana kallon bango.